Wa Zai Yi wa Birni Yaɓe?

Da muna yara, ba ma sanin damina ta ƙarato sai mun ga jakuna sun fara sauke ƙasa a ƙofar gida. Mangala bayan mangala, har tarin ya kai ƙugun babban mutum. Kashegari da sassafe tsohon maginin gidanmu zai iso da yaransa biyu, ya tsaya a zaure ya gaisa da kakanmu, gaisuwar nan mai tsawo wadda sai an tambayi lafiyar kowa har da dabbobi, sannan ya naɗe ƙafar wando ya hau soro. Abin da yake fara yi ba ya canzawa. Zai bi indararo ɗaya bayan ɗaya yana zura hannu, yana zaƙulo busasshiyar ciyawa da kashin tantabara da tsummokaran da iskar hunturu ta kwaso. Sai ya gama da wannan yake duban rufin, ya bi tsaga da yatsa, ya ƙwanƙwasa nan, ya ƙwanƙwasa can, yana kasa kunne kamar mai sayen kankana. Mu kuma namu aikin tattaka kwaɓi ne, kuma ba a taɓa kiran yaro sau biyu kafin ya shiga taɓo ba.

Kakata ce mai rigimar kuɗi da shi, daga bayan labule.

"Malam, ai bara ma ka yi wurin nan."

Sai ya yi dariya ya ce, "Hajiya, ai bara ma an yi damina."

Na daɗe ina ɗaukar wannan amsa a matsayin wayon mai neman aiki. Sai da na girma, na ga gidajen cikin birni suna zubewa ɗaya bayan ɗaya, na gane tsohon nan ya faɗi duk abin da ake buƙatar sani game da adana ginin ƙasa. Gidan ƙasa ba a gama gina shi. Kowace shekara ruwa yana cin nasa rabo, kowace shekara kuma hannu yana mayar da abin da ruwa ya ci. Ranar da hannun ya daina zuwa, ranar gidan ya fara mutuwa, ko da an kafa masa allo mai tambarin gwamnati a ƙofa.

Na kawo wannan ne saboda a 'yan shekarun nan maganar kayan tarihi ta samu kasuwa a Kano, kuma abin farin ciki ne. Matasa suna haɗa kansu, su zaga lungunan birni da kyamara, su ɗauki hoton tsofaffin soraye su ɗora a Facebook, jama'a su yi ta tuna baya. Ana shirya laccoci, ana rubuta takardun koke duk lokacin da aka ji wani ya yanki ganuwa ya kafa shago. Ban raina ko ɗaya daga cikin wannan ba. Amma idan ƙungiyoyin nan na masu kishin tarihi suna son su ceci gida ko da guda ɗaya ne, to aikin da ke gabansu ba mai daɗin ɗauka a hoto ba ne. Aiki ne na neman magini, da neman laso, da zama da magada.

Bari mu fara da abin da aka riga aka riƙe. Gidan Makama yana nan a tsaye kusa da fada, gidan da ake danganta gininsa da ƙarni na 15, zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Yau gidan tarihi ne a hannun hukumar gidajen tarihi ta tarayya. Gidan Ɗan Hausa ma yana nan a Nassarawa, inda Hanns Vischer ya zauna, Baturen da ya buɗe makarantar boko a can a 1909, kuma hukumar tarihi da al'adu ta jiha ce ke kula da shi. Duk wanda ya shiga ɗayansu da tsakar rana a watan Afrilu ya san abin da nake nufi idan na ce kakanninmu sun san zafi, sun kuma san maganinsa: kana tsallake bakin ƙofa za ka ji kamar an sauke maka kaya daga ka. To amma gidaje biyu ba su ne birni ba. Birni shi ne Dala da Madabo da Sharifai da Koki da Yakasai da Alfindiki, shi ne Zangon Barebari da Tudun Nufawa da Ayagi da Dandalin Turawa, unguwannin da sunayensu kawai sun isa su gaya maka daga ina mutane suka zo suka zama Kanawa. A cikin waɗannan lunguna ne zauren malami yake, da soron attajirin da ya yi fataucin goro zuwa Gwanja, da shigifar da aka ɗaura auren iyayenmu. Kuma waɗannan ba su da hukuma, ba su da kasafin kuɗi. Magada kawai suke da su.

Ganuwa kuwa tana da duk wata takardar girmamawa da ake iya bai wa gini. Littafin Tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu ne ya fara ta, wanda aka ƙiyasta mulkinsa tsakanin 1095 da 1134, sarakunan baya suka yi ta faɗaɗa ta. Doka ta san da ita a matsayin kayan tarihin ƙasa. Tun 2007 take cikin jerin wuraren da Najeriya ta miƙa wa UNESCO tana fatan a amince da su, ga shi har yau ba ta shiga sahun Sukur da kurmin Osun na Osogbo da aka riga aka amince da su ba. Duk da wannan, a 2010 aka rushe Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi, daga baya aka tayar da wata ta siminti a gurbinta. Wanda ya bi badala da ƙafa yau zai ga inda aka ɗebi ƙasarta aka yi gini, da inda aka mayar da ita juji, da inda ta ɓace gaba ɗaya sai dai dattijo ya nuna maka da sanda ya ce nan take da. In takarda ba ta kare ganuwa ba, wadda kowa ya san sunanta, yaya za ta kare soron wani bawan Allah a lungun da mota ba ta shiga?

Akwai darasi a Legas, kuma ya dace mu karɓe shi ba tare da girman kai ba. A can akwai wata ƙungiyar sa-kai mai suna Legacy 1995, ta masu sha'awar tarihi da muhalli, wadda marigayi John Godwin yake cikin jagororinta, mai zanen gine-gine ɗan Ingila da ya zauna a Legas tun 1954. Aikinta da aka fi sani shi ne gyaran Jaekel House, wani bene da aka gina a 1898 a harabar hukumar jiragen ƙasa da ke Ebute Metta, tushen layin dogon da ya zo ya riƙa kwasar gyaɗar Kano zuwa bakin teku. Gidan ya lalace, ƙungiyar ta karɓe shi ta gyara, a 2010 ya zama ƙaramin gidan tarihi mai hotuna da tsofaffin kayan aikin reluwe. Mutane suna zuwa, ɗalibai suna zuwa, har Kunle Afolayan ya ɗauki wasu sassa na fim ɗinsa October 1 a ciki.

A wannan garin dai, kusa da dandalin Tinubu, akwai Ilojo Bar, wanda wasu ke kira gidan Olaiya. An gina shi a 1855 da salon ginin waɗanda suka komo daga Brazil bayan bauta, kuma tun 1956 aka ayyana shi kayan tarihin ƙasa. Ranar 11 ga Satumba, 2016, jajibirin Babbar Sallah, katafila ta shiga ta mayar da shi kufai cikin yini guda. An yi ta kururuwa a jaridu, amma ihu bayan hari ba ya dawo da gini.

Me ya raba gidajen biyu? Ba tsufa ba ne, don wanda aka rushe ya girmi wanda aka ceta da shekara 43. Ba doka ba ce, don wanda aka rushe shi ne mai shekara 60 a ƙarƙashin kariyar doka. A ganina abu biyu ne. Gidan farko yana da mai shi guda ɗaya da za a zauna da shi a yi yarjejeniya, sannan an sama masa sabon aikin yi. Na biyu kuwa gidan iyali ne a tsakiyar kasuwa, inda kowane taku na ƙasa kuɗi ne, kuma sunan da gwamnati ta ba shi bai ƙari masu shi da komai ba sai hani. An ce kada su taɓa, ba a ce ga abin da za su ci ba. Yawancin gidajen birnin Kano irin na biyu ne, ba irin na farko ba.

Na san haka don gidanmu ma haka ya tafi. Da kakanmu ya rasu ba a raba gado nan take ba, kamar yadda aka saba: matan suna ciki, ƙanana suna ciki, kowa ya ce a bari tukuna. Aka bari shekara da shekaru, har wasu daga cikin magadan su ma suka rasu, rabonsu ya gangara kan 'ya'yansu. Ranar da aka zauna rabo, mutanen da ke da haƙƙi a gidan sun fi ɗakunansa yawa nesa ba kusa ba. Wani yana Sabon Gari, wani yana Legas, wata tana aure a Damagaram, kuma kusan kowa yana da buƙata ta gaske: kuɗin makaranta, jari, asibiti. A cikin shekarun jiran nan kuwa babu wanda ya biya kuɗin yaɓe, don wa zai zuba dukiyarsa a bangon da bai san ko nasa ba ne? Sai aka yi abin da ake yi. Aka kira dillali, aka yi wa gida kuɗi, aka raba kuɗin bisa yadda shari'a ta tsara. Wanda ya saya bai ko shiga ya ga ɗaurin gugan da ke babban soro ba. Fili ya saya. Yanzu shaguna ne a wurin, sama da ƙasa.

Ba wanda ya yi zalunci a cikin wannan labari, kuma abin da ya sa yake da wuyar magani ke nan. Rabon gado umarni ne, kuma marainiyar da ke jiran rabonta ta fi kowane zanko muhimmanci. Sai dai shari'ar da ta ce a raba ita ce kuma ta buɗe wasu ƙofofi da muka daina bi. Akwai shufa'a, haƙƙin da abokin tarayya yake da shi na ya riga bare sayen kason da ɗan'uwansa zai sayar a gidan da ba a raba ba. Akwai hubusi, wato mutum ya tsayar da gidansa waƙafi tun yana da rai, ya ce zauren nan na karatu ne har abada, ba a sayarwa, ba a gada. Kano har hukumar Zakka da Hubusi gare ta. Sau nawa ƙungiyoyin tarihi suka je wurin malaman unguwa suka ce, Allah gafarta Malam, a riƙa tuna wa masu tsofaffin gidaje wannan babi tun suna da ƙarfinsu? Sau nawa suka nemi ɗan gidan da Allah ya buɗa wa suka ce, Alhaji, maimakon a sayar wa bare, ka biya 'yan'uwa haƙƙinsu ka riƙe gidan kakanka? Wannan zama na sulhu, a kan tabarma, da shayi da haƙuri, ya fi taron lacca goma amfani ga gini.

Ko an shawo kan magada, saura babbar tambaya: da me za a yi gyaran, kuma wa zai yi? A nan ne nake ganin masu kishin tarihi ba su zurfafa ba, don sun ɗauka ginin ƙasa ƙasa ce da ruwa kawai.

Ɗauki laso, wato simintin gargajiya da ake shafe rufi da shi don kada ruwa ya ratsa. Ana haɗa shi da katsi, gurɓin da ke kwantawa a gindin karofi bayan an daɗe ana rini, wanda ake kwashewa a busar a ƙona. Ana zuba masa gashin jima daga wurin majema, da ruwan dafara mai yauƙi. Ka ga ke nan rufin soro ɗaya ya ratayu a kan marini da majemi da mai shiga daji. Marinar Ƙofar Mata tana nan, amma je ka ƙirga ramukan da ke aiki da waɗanda suka cike da shara. Idan rini ya ja baya, katsi ya yi wuya. Idan katsi ya yi wuya, laso ya zama labari. Makuba, wadda ake yi wa bango da ita ya yi jan nan mai duhu da ke korar ruwa, daga kwasfar ɗorawa take, ɗorawa kuwa gatari da gawayi sun sa ta a gaba. Azara daga giginya take, namijin da ya shekara da yawa, itacen da gara ba ta cika yi wa illa ba. Da ita ake ɗaure bakan gizo, a jera ta hawa-hawa a lulluɓe da ƙasa har ta ɗauki rufin da babu ginshiƙi a tsakiyarsa. Yanzu sai an yi tafiya mai nisa kafin a samu mai kyau, kuma farashinta ya sa kwano da katako sun zama sauƙi.

Ita kanta ƙasar fa? Kududdufan birni ba haka kawai suka samu ba. Ramukan da aka haƙa ne aka yi tubali aka gina unguwannin da ke kewaye da su, sannan suka zama matattarar ruwan sama. An cike da yawa daga cikinsu an yi gini a kai. Sakamakon biyu ne, kuma duka a kan tsohon gida suke sauka: babu ƙasar gyara a kusa, ruwan da ya rasa wurin zuwa kuma sai ya kwanta a gindin bango. Ga tituna da lunguna da ake ta ɗagawa duk lokacin da aka zuba kwalta ko aka shimfiɗa bulo, har zauren da ake hawa da matakala a da ya koma sai an gangara. Maginan da suna cewa gidan ƙasa hula da takalmi yake so, wato rufi mai kyau da gindi busasshe. Mun bar hular ta yage, takalmin kuma mun tsoma shi a kwata.

Sai kuma gyaran da ya fi rashin gyara illa. Mai gida ya gaji da yaɓen kowace shekara, sai a ba shi shawara ya yi wa bangon filasta da siminti ya huta. Shekarar farko abin sha'awa, har a shafa fenti. Amma bangon ƙasa yana shan laima yana kuma fitar da ita, siminti kuwa ba ya barin ta fita. Ruwa ya shiga ta wata 'yar tsaga a sama ko ya taso daga ƙasa, ya rasa hanya, ya zauna yana jiƙa tubali a ɓoye. Daga waje bango lafiya lau, daga ciki ya zama kunu. Da can tsaga tana nuna kanta, magini ya gani ya toshe. Yanzu babu gargaɗi, sai dai a wayi gari cikin watan Agusta a ji an ce gini ya faɗa wa mutane, kowa kuma ya ce ai ginin ƙasa ne, dama haka yake.

Hannun da ya san duk wannan shi ne abin da ya fi saurin ƙarewa. Kano tana da Unguwar Gini da Sarkin Gini, Zariya tana da Sarkin Magina da zuriyar Babban Gwani Malam Mika'ilu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajajen shekarun 1830. Aikinsa ne kuma gidan Madaki da ke Kafin Madaki a ƙasar Bauchi, wanda yake cikin gine-ginen farko da aka ayyana kayan tarihi a 1956. Wannan ilimi ba a littafi aka ajiye shi ba. Ɗa ne ke miƙa wa ubansa tubali shekara da shekaru har ya san nauyin da azara za ta iya ɗauka. Wani ɗan ƙasar Poland, Zbigniew Dmochowski, ya yi shekaru yana auna gine-ginenmu yana zanawa, kuma saboda ƙoƙarinsa ne aka yi gidan tarihin gine-ginen gargajiya a Jos, inda aka kwaikwayi masallacin Zariya da wani yanki na ganuwar Kano. Allah ya saka masa, amma zane ba ya hawa soro. Ranar Juma'a 11 ga Agusta, 2023, wani sashe na masallacin Zariya ya rufta ana sallar La'asar, aka rasa rayuka. A Satumban 2024 ruwan sama ya kayar da tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram. Idan masallatan da sarakuna ke sallah a cikinsu sun kai ga haka, ba sai an faɗi halin da ɗakin tsohuwa yake ciki a ƙarshen lungu ba.

Yanzu bari in juya in faɗi abin da za a faɗa mini, don gaskiya ne. Yawancinmu masu kukan tsofaffin gidaje ba a cikinsu muke kwana ba. Mun koma sababbin unguwanni, muna da tayil da famfo da banɗaki a cikin ɗaki, sai ranar Sallah mu shigo birni mu shafa bango mu ce kai, da an bar shi haka. Matar da ke tara kwanoni a tsakar ɗaki duk daren da aka yi ruwa ba ta ga abin sha'awa a azara ba. Saurayin da aka hana aure don an ce gidansu na ƙasa ne ba zai saurari laccar tarihi ba. A bakin mutane yau, "ya rushe ya yi na bulo" yabo ne, shaida ce ta cewa ɗa ya yi albarka. Duk ƙungiyar da ta zo tana gaya wa talaka ya ci gaba da zama cikin ɗigar ruwa don baƙi su zo su ɗauki hoto, ta cancanci korar da za a yi mata.

Amma ƙasa ba ita ce talauci ba, rashin kula ne. A Yaama, wani ƙauye a jihar Tawa ta Nijar, magini Falke Barmu ya fara gina masallacin Juma'a da ƙasa a 1962, jama'ar gari suna kawo ruwa da tubali, aka yi ta ƙara masa har da hasumiyoyi huɗu, kuma a 1986 ya samu lambar yabo ta Aga Khan ta gine-gine, wadda manyan masu zane na duniya ke nema. A Dandaji, a jihar dai, da jama'a suka so sabon masallaci, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun ba da shawarar kada a rushe tsohon. Aka gyara shi ya zama ɗakin karatu, aka gina sabon a gefensa da bulon ƙasa da aka matse da inji, aka gama a 2018, kuma magina na gargajiya suna cikin masu aikin. Tsohon garin Agadas, da hasumiyarsa mai tsawon mita 27, ya shiga jerin UNESCO a 2013 alhali mutane suna zaune a cikin gidajensa. Waɗannan ba Turai ba ne. Maƙwabta ne, masu yare ɗaya da mu. Ana iya sa wa gidan ƙasa wuta da famfo da magudana mai kyau, a ɗaga gindinsa da dutse, ya zauna lafiya. Abin da ba ya jurewa shi ne a manta da shi shekara biyar.

Ba kowane gida za a ceta ba, kuma ƙungiyar da ta ce za ta ceci duka ba za ta ceci ko ɗaya ba. Da ni ne, unguwa ɗaya zan ɗauka. In bi ta gida-gida tare da mai unguwa, in rubuta waɗanda har yanzu suke da soro na asali, wa ya gina, su wa ke da haƙƙi a ciki, ina yake yoyo. In zauna da tsofaffin matan gidan da na'urar ɗaukar magana, don su ne suka san wace amarya aka kai wane ɗaki da shekarar da aka yi daɓen tsakar gida, maza sunayen sarakuna kawai suke riƙewa. In duba buhunan takardu da ke rataye a zauruka, don sau da yawa idan rufi ya zuba, kundin ajami da wasiƙun fatake ne ke fara jiƙewa. Daga nan in zaɓi gida uku ko huɗu, in tara kuɗin da bai kai na walimar biki ɗaya ba, in ce wa masu su: ku ci gaba da zamanku, mu za mu biya yaɓe da gyaran indararo duk shekara, ku kuma kada ku sa siminti, kada ku rushe sai mun yi magana. Kuma kowane aiki a sa sharaɗin tsohon magini ya zo da yara biyu masu koyo, a biya su kamar yadda ake biyan mai ɗora bulo, ko fiye. Yaro ba zai koyi sana'ar da ba ta ciyar da ubansa ba.

Gidan da ya rasa mazauna kuma a sama masa aiki. Mun ga haka a gidan Sardauna da ke Kaduna, wanda ya zama Arewa House, cibiyar binciken tarihi ta Jami'ar Ahmadu Bello, da gidan Malam Aminu Kano na Gwammaja da ya zama Mambayya a hannun Jami'ar Bayero. Waɗannan na manya ne, amma dabarar ba ta fi ƙarfin unguwa ba. Zaure yana iya zama makarantar dare, ko wurin masu ɗinkin hula, ko ɗakin karatun yara. Ɗakin da ake buɗewa kullum ana sharewa, a nan ake ganin tsaga tun tana ƙarama.

Kwanakin baya na bi ta tsohuwar unguwarmu, na tarar ana rushe wani soro da nake wucewa ta gabansa tun ina zuwa makarantar allo. Cikin leburorin na gane jikan maginin nan namu, ya zama magidanci, yanzu tayil yake sawa. Muka gaisa, na tambaye shi ko zai iya ɗaure bakan gizo in an ba shi aiki.

"Wallahi Yaya, na ga Baba yana yi, amma ban taɓa ɗaurawa da hannuna ba."

Azarorin da suka zare suna jingine a bango, baƙaƙe, babu ko huda ɗaya ta gara. Ya ce wata mai tuwo ta riga ta yi cinikinsu.